Sauran Waƙar Baffa

Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ta cinye masa damina guda. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara mu koma. Muna cikin ɗaki muna yi masa wanka, ni da Yaya, babban ɗansa, sai muka ji radiyon maƙwabta ta bayan katanga tana sanar da rasuwar. Mai sanarwa ya yi addu'a yadda ya kamata, ya faɗi unguwa da lokacin jana'iza. Daga nan ya ce bari a saurari abin da marigayi ya bar wa duniya, ya saki waƙarsa, Igiya. Ba muryar Baffa ya sako ba. Ta 'yan orkes ɗin Yamai ce, makaɗan zamani, mai ganguna da tafi da guɗa, wadda ake rakiyar amarya da ita. Yaya ya tsaya cak da buta a hannu. Daga tsakar gida na ji Gwaggo, ƙanwar Baffa da mahaifina, ta daka tsawa cikin kuka: "Ku kashe abin nan! Gawa ce hwa gidan ga, ba biki ba!"

A zaman makoki sai ka rantse mutum biyu ne suka mutu. Tsofaffin makiyaya sun zo daga wajen Tagriss da Birnin Lalle da rawunansu da sandunansu, suka baje a tabarma suna labarin yadda Baffa ke hango saniya daga nesa ya faɗi abin da ke damunta. Ko ɗayansu bai ambaci gita ba. Samari kuwa sun zo da wayoyi a hannu suna leƙen gida. Na ji ɗaya yana ce wa abokinsa, "Kai, ashe tsohon ga mai zama bakin masallaci shi ya yi Igiya? Ni aradu na ɗauka ta 'yan Kano ce." Abokin ya ce shi Turawa ya sani da ita. Wani mai tarin gashi ya taso takanas daga Yamai, ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan ya roƙi a fito masa da gitar ya ɗauki hoto. Yaya ya nuna masa hanyar tasha da hannu.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a, Yaya ya tara mu a zaure.

"Ranar bakwai, in an watse, ƙone gitar zan yi, da kaset ɗin," in ji shi. "Duk rawar da aka taka da waƙar ga, gani nike kabarin ubana ake takawa. Ba ni iya hana duniya. Amma abin da ke cikin ɗakinshi, ni ke da iko da shi."

Ban ga laifin Yaya ba, har yau ma ban gani ba. Amma kaset ɗin nan shi kaɗai ne wurin da waƙar take cikakkiya. Duk wadda kuka taɓa ji, a waya ko a biki ko a mota, guntuwa ce. Kuma ni na guntule ta da hannuna.

Baffa makiyayi ne kafin ya zama komai. A shekarar babban fari, ina goye a bayan Inna, mahaifiyata, shanunmu suka ƙare ƙaf. A shekarar ne kuma mahaifina ya rasu cikin rijiya. Iyakar abin da na sani ke nan har na yi gemu, domin a gidanmu ba a buɗe wannan magana. Baffa ya bar mu ya yi arewa, ya yi shekaru yana leburanci tsakanin Aljeriya da Libiya. Kowa ya dawo da radiyo da barguna, shi ya dawo da wata jar gita mai tsaga a ciki da ɗan akwatin ƙara murya. Da batirin mota yake kunna ta. In tsirkiya ta tsinke ya je wurin mai gyaran keke ya karɓo wayar birki ya ɗaura. Dattawa suka yi ta tsegumi, wai ɗan gidan shanu ya koma maroƙi. Shi kuwa ya ce ranar da aka ji ya wasa wani mai kuɗi, a zo a fasa gitar a kansa. Har ya mutu ba a fasa ba.

Wanda bai san rijiyoyin arewacin Dakoro ba zai sha wahalar gane waƙar. Zurfinsu ya wuce a ja guga da hannu. Takarkari ake ɗaura wa igiya, a kora shi ya yi ta tafiya har can nesa kafin wasaki, babban gugan fata, ya iso baki. Mai tsayuwa a bakin rijiya sai ya ƙwala kira, "Ya hito!", a juyo da sa. Haka Baffa ya gina waƙarsa. Gitar tana tafiya da nauyi, taku bayan taku, baiti yana ta miƙewa kamar ba zai ƙare ba, sannan ya ɗaga murya ya yi kiran, gitar ta yi kururuwa ta juyo:

Ja, takarkari, ja a hankali,
Ruwa ya yi nisa, igiya ba ta kai ba.

Mutane suka yanke mata suna, suka ce Igiya. Ya kaɗa ta a bukukuwa da tarukan makiyaya ba adadi, direbobi suka ɗauka a kasusuwansu suka bi hanyar Agadas da ita. Na ga manyan maza masu takobi suna jan rawani suna rufe ido in ya fara.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, kada mutuwa ta sa in yi ƙarya. In yana saita tsirkiya, ko tari ka yi sai ya harare ka. Shayinsa ba ya wakilta kowa, sai ni da ya koya wa da kansa. Ba ya zagi, amma in ya kira ka "mutumin kirki," to ka fara neman takalmanka. Shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, a bayan kekensa, ya ce wa mushe, malaminmu, "Wanga ɗana ne, in ya yi laihi ka aiko mani, kada ka taɓa shi." Amma shi da kansa ya taɓa ni sau ɗaya. Ina ɗan shekara takwas ko tara muka bi ta wata rijiya ana shayar da dabbobi, na ruga na leƙa ina so in ga ruwa. Ban san lokacin da ya fizgo ni ba. Marin da ya yi mini sai da na ga wuta, sannan ya rungume ni, na ji zuciyarsa tana dukan kunnena. Na daɗe ina jin haushin marin nan.

Da yatsunsa suka fara sandarewa ya rataye gitar, ya koma zaman bakin masallaci. Kasusuwan direbobi suka tsufa suka tsinke, aka daina yayinsu. A lokacin ni kuma na buɗe rumfar tura waƙoƙi kusa da tasha, da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da na sayo a Maraɗi. Mutum ya kawo kart memwar ɗin wayarsa, in cika masa. Kullum sai wani dattijo ya tambaye ni, "Kana da Igiya?" Ni ɗan gidan, in ce babu? Na san akwai kaset guda a akwatin ƙarfen Baffa, wanda ya ɗauka da kansa a tsakar gidanmu shekarar da ya dawo, bai taɓa sa wa kowa ba. Na tambaye shi sau biyu ya ce a'a. Ranar da ya tafi gaisuwar mutuwa Tagriss, na buɗe akwatin.

Ga yadda muke aiki, mu masu rumfa. Ba mu da lokacin sauraron waƙa. Ka jona kaset da ordinatar, ka juya kana sallamar mutane, in ta gama ka dubi allo. Sauti yana fitowa kamar tsaunuka, inda babu sauti kuwa layi ne a miƙe. Kart ɗin wancan zamani ba su da ciki, kowa yana so a cusa masa waƙa ɗari, saboda haka duk inda muka ga layi ya miƙe sai mu datse. Na duba na ga tsaunukan Baffa sun tafi sun tafi, sun sauka, sai dogon layi, can a ƙarshe kuma wasu 'yan tuddai. Na ce kaset ya tsufa. Na datse daga inda layin ya fara, na goge sauran, na mayar da kaset akwati kafin la'asar. Har yabon kaina na yi, wai na ceto waƙar Baffa daga mutuwa.

Ba a yi wata biyu ba ya ji muryarsa a wayar wani dillali a kasuwar dabbobi. Aka ce ya tsaya ya saurara har ta ƙare, ya ce a sake sa masa. Da rana tsaka sai ga shi a rumfata. Bai yi sallama ba.

"Mutumin kirki, ina sauran?"

Na ce, "Baffa, wane saura? Wurin da ya lalace ne na cire."

"Ka saurara?"

Na kama jera kart ɗin mutane.

"Na ce ka saurara kahin ka yanke?"

Na ce na gani a allo. Ya maimaita, "A allo." Ya nemi benci ya zauna, mutanen da ke jiran kart ɗinsu suka zame ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya faɗa mini abin da aka ɓoye mini tun ina goye. A shekarar fari ruwan rijiyarmu ya ja baya, igiya ta daina kaiwa. Dole wani ya sauka ya yashe ta. Baffa ya dubi ƙanensa, mahaifina, ya ce masa shi ne ya fi rashin nauyi.

"Ni na ce shi sauka. Ni na ɗaura mashi igiya. In mutum shina ciki, in shina son a hiddo shi, sai shi girgiza igiya sau uku. Na ji ƙasa ta rubza. Na riƙe igiyar ina kiranshi, ina jira ta motsa." Ya nuna ordinatar da haɓa. "Wanga layin naka da ya miƙe, jiran ne. Ubanka ne ka yanke."

Na ce zan gyara, ya ba ni kaset ɗin in sake ɗauka cikakkiya in raba wa kowa kyauta. Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Wanda na kaɗa ma jama'a, na jama'a ne. Wancan ba na kasuwa ba ne. Da ka bar shi da ka yanke shi, duk ɓarna ce, tunda ka buɗe akwatina." Daga ranar ya sa wa akwatin kwaɗo, kuma bai sake shan shayin da na dafa ba.

Ita kuwa guntuwar tawa sai ta kama gudu. Daga waya zuwa waya ta isa Yamai, 'yan orkes suka ɗauke ta suka ƙara mata gita biyu da ganguna, suka ninka saurinta. Wani mawaƙi a Kano ya hau ta da piyano, ya zubar da takarkari, ya ce igiyar soyayya ce ba ta kai ba. Lokacin zaɓe muka ji ta a bisa motoci, an cusa sunan ɗan takara a wurin "Ya hito!" Daga baya wasu Turawa masu gashi har kafaɗa suka yi tasu, da gitoci masu haushi kamar karnuka. Aka ce a can sunan irin kiɗan rok, wai kuma Baffa yana cikin manyansa bai sani ba. Wani yaron unguwa ya nuna masa bidiyon, dubban mutane suna tsalle cikin wuta mai walƙiya. Ya daɗe yana kallo, ya mayar da wayar.

"Takarkarinsu gudu shikai," in ji shi. "Wa ya taɓa jan ruwa da gudu? Wasakin bango za shi yi ta duka, shi iso baki wayam."

Mutane suka yi dariya, suka yi ta yawo da maganar. Ni ban yi dariya ba. Kowace sabuwa ta fito sai in saurari ƙarshenta, ko Allah zai sa wani ya ji a jikinsa cewa akwai saura. Duk a wuri ɗaya suke tsayawa, daidai inda na datse, wasu har da buga ganga da tafi. Na rufe rumfar daga baya na koma gyaran waya, amma me hakan ya gyara?

Bai yanke ni ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Muna gaisawa safe da yamma. Da matata ta haifi ɗanmu na fari, shi ya fara isowa da ragonsa, ya karɓi jaririn ya yi masa huɗuba da sunan mahaifina, ya daɗe yana riƙe da shi. Ya miƙa wa Inna, ya wuce ni a ƙofa kamar turke. A jinyarsa ni nake juya shi, ni nake kai shi asibiti. Saura kwana biyu ya cika na durƙusa na ce, "Baffa, ka yahe mani." Ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Allah shi yahe mamu baki ɗaya." Na juya maganar nan ta kowace fuska, ban samo amsata a ciki ba.

Shi ya sa ranar shida na sami Yaya a ƙofar gida. Na roƙe shi ya bar kaset ɗin, na ce zan rantse da Alƙur'ani ba zan kwafa ba.

"Kai?" in ji shi. "Ƙanena, ka san abin da ya ce mani da bakinshi? Ya ce kada kaset ɗin ga shi koma hannunka. In ya zauna gidan ga, wata rana hannunka za shi koma. Ka san kanka."

Na san kaina, shi ya sa ban yi gardama ba. Na ce to alfarma ɗaya: ban taɓa jin wurin da na yanke ba, a bar ni in ji sau ɗaya kafin a sa wuta. Ya ce to, sau ɗaya.

Ranar bakwai da la'asar, bayan an raba sadaka an watse, na aro radiyo mai kaset wurin wani tsohon direba, na sayo mata pil, wato batir. Yaya ya hura wuta a bayan ɗaki, ya fara jefa gitar. Ban je na gani ba, ƙarar tsirkiyoyin kawai na ji suna tsinkewa. Muka zauna a tsakar gida, ni da shi da Gwaggo. Inna tana can bakin ɗakinta tana tsintar wake, ta ba mu baya. Ban taɓa jin ta saurari waƙar ba, in aka sa ta a biki tashi take yi.

Muryar Baffa ta fito, murya ta saurayi, ba wadda muka binne ba. A bayan gitar, can nesa, akwai wani abu yana bugawa, dum, dum, wanda ban taɓa lura da shi ba. Da na kasa kunne sai na gane daka ce, wata mace tana daka a gidan lokacin da ake ɗauka. Baitoci suka wuce har inda duniya ta sani. Gitar ta sauka ta mutu. Dakan yana ci gaba. Sai muka ji Baffa, ƙasa-ƙasa kamar mai magana cikin tulu, ya kira wani suna da ban taɓa ji ba, sunan ƙuruciyar mahaifina. Dakan ya tsaya.

Ya sake kira. Ya kira na uku. Ba gita, ba taɓarya, sai numfashinsa. Jiran ya yi tsawo har na ji kamar in miƙa hannu in kashe radiyon. Gwaggo ta cusa mayafi a baki. A ƙarshe ya rera baiti ɗaya ba kiɗa, yana gaya wa ƙanensa cewa yaron ya fara tafiya lakwal, kuma ba ya bari ya je kusa da rijiya. Kaset ya ƙare.

"Ni ce."

Muka juya. Inna ce, ta ajiye faifan wake.

"Ni ce ke daka. Gero nike surhe. Ban san za shi kira sunan ba."

Yaya ya share ido da hannun riga, ya buɗe radiyon ya zaro kaset ɗin, ya miƙe zai nufi bayan ɗaki. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa namiji murya ba, ta taso ta tsaya a gabansa ta buɗe tafin hannu.

"Kawo. Gitar ta ubanka ce, ka ƙone, ban ce komi ba. Wanga mijina ke ciki."

Yaya ya ce, "Inna, wasiyya ce."

"Ya ce kada shi koma hannun wancan. Hannuna ne wanga."

Ya tsaya yana duban hannun. Sannan ya sa mata. Ta ƙulle kaset ɗin a bakin zanenta kamar goro. Raina ya yi sanyi, har na buɗe baki zan yi mata godiya, na ce ko nan gaba, in hankali ya kwanta. Ba ta bari na ƙarasa ba.

"Kai kuma ka ji naka, sau ɗaya. Ya ishe ka."

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya iske ƙanensa cikin rahama su yi maganar da ba su ƙarasa ba. Jiya aka yi masa arba'in. Ban san inda Inna ta ɓoye kaset ɗin ba, kuma ban tambaya ba. Amma shekaranjiya ta aiki matata kasuwa ta sayo mata pil huɗu, ta ce kada a gaya mini. Radiyon direban kuwa har yau yana ɗakinta.